Gidan Madaki na Kafin Madaki da Tsofaffin Sorayen Ƙasar Yawuri: Yaɓe a Wuyan Wa Ya Ke?

Ran Jumma'a 11 ga watan Agusta 2023, watau cikin Muharram na 1445, ana tsakiyar sallar La'asar, sai wani sashe na babban masallacin Zariya ya rubzo a kan masallata. Mutum bakwai a ƙalla suka rasu, waɗansu da dama suka ji rauni. Sarkin Zazzau ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsagewa a jikin bango kwana ɗaya kafin abin ya auku, ana cikin shirin kiran masu gyara ke nan ƙaddara ta riga fata. Da shekara ta kewayo, cikin Satumba 2024, ruwan sama mai yawa ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya ke tsaye tun ƙarni na 19. Waɗannan gine-gine biyu a tsakiyar manyan birane su ke, sarakuna na salla cikinsu, idon jama'a na kansu dare da rana, duk da haka suka faɗi. To, ina ga tsohon soro na ƙauye, wanda ba mai waiwayarsa sai jemage da tantabara?

Dalilin wannan tambaya shi ne, magini ɗaya a ke danganta wa masallacin nan na Zariya da wani gida da ke ƙauye a ƙasar Bauchi. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda a ka fi sani da Babban Gwani. Ya gina masallacin Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Gidan kuwa shi ne Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, kamar mil 28 arewa da birnin Bauchi, garin da ya ke hedkwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa a yau. An gina shi a wajen shekarar 1860, zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu, sa'ad da garin ya ke kafi ne na tsaron iyaka wajen Ningi. Saboda kyaun bakan gizo da rufin da ke cikinsa, har sunan maginin ya bi ginin, mutanen wurin na kiransa Babban Gwani. A shekarar 1956 Gwamnati ta sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta tsare, yana cikin na farko-farkon da a ka yi wa haka a duk Nijeriya.

Ya kamata mai karatu ya san asalin wannan jeri. A 1943 Gwamnatin Turawa ta naɗa wani Bature, Kenneth Murray, ya zama mai binciken kayan tarihi. A 1953 a ka kafa dokar kayan tarihi, ita ce ta ba da ikon a ayyana wani gini ko wani wuri a ce ya zama abin tunawa na ƙasa. Da wannan iko a ka rubuta Gidan Madaki, a ka rubuta Gidan Makama da ganuwar Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina a 1959, sa'an nan kufan Surame, birnin Kanta, a 1964. A 1979 a ka sake doka, mai lamba 77, a ka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tunawa ta Ƙasa, ita ce ke riƙe da wannan aiki har yanzu. Abin da dokar ta hana a fili ya ke: ba a rushe ginin da a ka rubuta, ba a ɓata shi, ba a sāke masa kama, sai da iznin Hukumar.

Nan fa matsalar ta ke. Doka ta ɗaure hannun mai rushewa, amma ba ta da iko bisa damina. Sunan gida ya shiga takardar Gwamnati a Legas ko Abuja, gidan kuwa yana can ƙauye ruwa na dukansa wata huɗu ko biyar kowace shekara. Iyalin gida su kan ɗauka cewa tun da Gwamnati ta sa hannu, gyara ya koma wuyanta. Hukuma kuwa tana da wurare barkatai daga bakin teku har iyakar Hamada, abin da a ke ba ta bai isa ta aika magina kowane ƙauye kowace shekara ba. Sai gida ya zama kamar jakin da mutum biyu su ka haɗa kuɗi su ka saya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya kai masa harawa. Ko tsarewar ma ba kullum ta ke tsarewa ba, gama Ƙofar Na'isa ta Kano tana jikin ganuwar da a ka rubuta tun 1959, amma a 2010 an rushe ta don faɗaɗa hanya, daga baya a ka gina wata a gurbinta.

Wanda ya ke so ya gane dalilin da ya sa takarda ba ta isa ba, sai ya duba yadda a ke gina soro. Magina su kan haƙo jar ƙasa mai burji, a cuɗa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana, sa'an nan a mulmula tubali a shanya a rana. A jera tubali kan juna da cuɗaɗɗiyar ƙasa, gindin bango da kauri, yana hawa yana sirancewa. Rufi kuwa da azara a ke yinsa, watau tsagin itacen giginya, don gara ba ta cika cinta ba. Azara guda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamu huɗu ko makamancin haka, don haka in a na son ɗaki mai faɗi sai a yi bakan gizo: a riƙa fito da azara daga bango gaɓa-gaɓa, a na ɗaurewa a na lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. In baka biyu su ka giciye juna, shi ne ɗaurin guga. A nan ne gwanintar Durugu ta shahara. Bisa azara a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango. Daga ƙarshe a shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuwa da laso, watau katsi na marina da gashin jima da dafara a haɗe.

Duk waɗannan abubuwa masu ƙarewa ne sannu a hankali, maginan da su ka ƙago su kuwa sun san haka. Makuba ta kan wanke, laso ya kan tsattsage, indararo ya kan toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi, ya sami 'yar kafa ya shiga, ya jiƙa azara. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba, ga azara ta yi laushi, sai rufi ya fara lotsawa. Ta ƙasa kuma, ruwan da ke kwanciya gindin bango ya kan ci shi har ya rarake, bango ya rasa abin tsayawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ginin ƙasa, ruwa ne ƙadangaren. Shi ya sa mutanen dā su ka mai da yaɓe aikin kowace shekara. Da an gama kaka a duba abin da damina ta ɓata, a yi yaɓe da rani, kafin ruwan fari a hau rufi a share indararo. Gidan da a ke yi wa haka ya kan kai jikoki da tattaɓa kunne. Wanda a ka ƙyale damina uku ko huɗu a jere, gyaransa ya wuce yaɓe, ya koma sabon gini.

Mutanen ƙasar Yawuri sun fi kowa cancantar jin wannan magana, don sun riga sun ga yadda gari ke ɓacewa ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce ta Bin Yawuri. A 1830 waɗansu Turawa biyu 'yan'uwa, Richard da John Lander, sun sauka birnin suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a gaɓar Busa shekara ashirin da 'yan kai kafin zuwansu. Sun tarad da birni mai faɗi ƙwarai, da ganuwar ƙasa doguwa wadda su ka kimanta kewayenta da mil 20 zuwa 30. Fataken goro masu zuwa Gwanja su na ratsa ƙasar su ƙetare Kwara. Daga baya yaƙin basasa na gidan sarauta ya raba kan ƙasar, sarauta ta bar birnin, har Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da ita a Yelwa a 1888. Ba wata runduna da ta zo ta baje ganuwar nan a rana ɗaya. Da masu yaɓe su ka watse, damina ta yi ta gutsurarta shekara bisa shekara, har ya zama abin da ya saura burbushi ne.

Hanya ta biyu ita ce ta Kainji. An fara gina madatsar ruwan a 1964, a ka gama a 1968, zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur. Da tafki ya cika, kimanin mutum 44,000 a ka tayar daga mazauninsu. Tsohuwar Busa ta nutse, tsohuwar Wara ta tashi, gungu da yawa inda Gungawa ke noman albasa tun kakanni su ka shige ƙarƙashin ruwa. Kafin ruwa ya iso, masu tonon tarihi sun yi gaggawa sun haƙa waɗansu tuddai kusa da Yelwa da Wara, sun sami tukwane da siffofin yumɓu da su ka haura shekara dubu. Abin da hannu ke iya ɗauka an ɗauka. Zaure da soro da masallaci ba su ɗaukuwa, sun narke a inda su ke. Gwamnati ta gina wa mutane sababbin gidaje bisa tsarin wani mai zanen gini, Robin Atkinson, da bulon siminti da rufin asbestos. Kowa ya sami wurin sa haƙarƙarinsa, amma yaron da ya tashi a waɗannan gidaje bai buɗe ido ya ga ubansa na yaɓen laso ba.

Saboda haka abin da ya tsira a tudu, a Bin Yawuri da ƙasar Ngaski da ta Shanga da tsofaffin unguwannin Yelwa, darajarsa ta ninka, don ba shi da na biyu. Zauren hakimi ne inda a ka yi shari'ar gonaki shekara da shekaru, ko gidan fatoma inda fatake ke sauke kaya, ko zauren malami inda a ka yi ta darasu tun daga Ahalari har Muhtasar. Asarar 1968 an yi ta ne da sanarwa, an ƙidaya gidaje, an ba da madadi. Asarar da ke gudana yanzu ba mai sanarwa, ba mai ƙidaya. Soro ya kan faɗi cikin dare a watan Agusta, da safe a kwashe azara a kai murhu, ƙasar a zuba a rami, shi ke nan.

Abin da ke kawo wannan ya kasu kashi huɗu. Na farko gado. Mai gida ya rasu ya bar 'ya'ya goma, su kuma su ka bar jikoki hamsin, waɗansu na Sakkwato, waɗansu na Kwantagora, waɗansu na Legas. Ɗakuna su na rabuwa, amma zaure da babban soro ba su rabuwa, sai a bar su na kowa. Wanda ke zaune a gidan sau da yawa shi ne mafi ƙarancin hali cikin magada, don masu hali sun gina nasu a sabuwar unguwa. In ya ce a kawo kuɗin yaɓe, a ce so ya ke a gyara masa wurin zama. In wani mai hali ya ce zai gyara shi kaɗai, sai sauran su yi zargin shirin mallake gidan ya ke yi. Tsakanin wannan zargi da wancan, damina na ta aikinta.

Na biyu siminti. Mutane da yawa da kyakkyawar niyya su kan shafe bangon ƙasa da siminti, su na zaton sun huta da yaɓe har abada. Alhali ƙasa na shan danshi ta fitar, tana kumbura tana motsewa, siminti kuwa ba ya bin ta. Ba a daɗewa sai ya rabu da bango ta ciki, ruwa ya sami tsagi ya shiga bayansa, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ya zama kunu. Haɗarin wannan ya fi na bangon da ba a shafa wa kome ba, gama wancan kowa na ganin ciwonsa, wannan kuwa ba a farga sai ranar da ya zube. Kwanon rufi na iya tsare bango in an fito da bakinsa sosai, an kuma yi wa ruwa hanya, amma in an kafa shi yadda ruwa zai riƙa tsiyaya gindin bango, ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Na uku ƙarancin magina da kayan aiki. Dā kowane babban gari na da Sarkin Magina, yara na koyo a hannun iyayensu daga ɗaukar tubali har ɗaurin baka. Yau saurayi ya fi son koyon jera bulo, kuma ba a ga laifinsa ba, don can aiki ya ke. Marina sun ragu, katsi ya yi wuya. Giginya na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa azara, a na sara ba a dasawa. Ɗorawa ma ta ragu a gonaki. Magini na ƙwarai in ya rasu bai koya wa kowa ba, ilminsa ya bi shi kabari, don ba a littafi ya ke ba. Wani Bature ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya yana zanawa, har a ka gina kwatancin masallacin Zariya a gidan tarihi na Jos. Wannan aiki ne mai amfani, sai dai zane na nuna siffar baka ne kurum, ba ya koya wa hannu yadda a ke jin ƙasa ta cuɗu.

Na huɗu ruwa da rashin zaman lafiya. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta rusa gidaje. Ta 2022 ta halaka fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya. Ruwan da ke sauka da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i ya fi yayyafin kwana uku cutar da ginin ƙasa. Ga kuma 'yan bindiga, waɗanda su ka sa mutane barin ƙauyuka da dama. Gidan da a ka kulle a ka gudu ba mai share masa indararo.

A nan wani attajiri na iya cewa: ƙasar da a ka sace 'yan makaranta a Bin Yawuri cikin Yuni 2021, ƙasar da jirgin ruwa ya nutse da mutane masu yawa kusa da Wara cikin Mayu na wannan shekara, ina ta ga sukunin kula da tsohon bango? Maganarsa na da nauyi, rai ya fi gini, ba mai musun haka. Sai dai a tuna abu biyu. Tsohon ginin da ba a gyara ba shi kansa mai kisa ne, kamar yadda Zariya ta shaida, kuma ko wace damina a kan ji labarin bango ya danne yara su na barci. Sa'an nan yaɓen shekara ba ya bukatar kasafin Gwamnati. Ƙasa ce da ruwa da ciyawa da ladan magini na 'yan kwanaki. Abin da ke cin dukiya mai yawa shi ne tayar da abin da ya riga ya faɗi. Ɗan kasuwa ya san wannan lissafi sarai, don ba ya barin jirginsa na yoyo ya ce sai ya nutse zai kira mai gyara.

Wani malami kuma na iya cewa: girmama tsofaffin gine-gine ƙofa ce ta neman tubarraki da bango, duniya kuwa ba matabbata ba ce. Amsa ita ce, gyaran gida daban, bautar gida daban. Dukiya amana ce, barinta ta lalace a na iya tsare ta almubazzaranci ne ta wata fuska. Kuma zauren da a ka karantar da ilmi cikinsa shekara ɗari, in yana tsaye, hujja ce ga yara cewa garinsu ya san karatu tun kafin zuwan Turawa. In ya faɗi, sai maganar ta koma ta baki, mai musu ya sami abin musu. Hakanan tsofaffin zauruka su ne ma'ajiyar takardun ajami, wasiƙun sarakuna da rasitan fatake da takardun iyakar gonaki. Rufin da ya yi yoyo bisa bango, bisa waɗannan takardu ya ke yoyo.

In a ka duba gine-ginen ƙasa da su ka daɗe, za a ga abu ɗaya ya haɗa su, watau a na amfani da su, kuma akwai wanda gyaransu ke wuyansa. Tsohuwar fadar Argungu, wadda sarakunan Kabi su ka zauna cikinta har 1942, ba a kulle ta an bar wa jemagu ba, an mai da ita gidan tarihi na Kanta a 1958, baƙi na shiga su na fita. Gidan Makama na Kano haka. A ƙasar Mali, babban masallacin Jenne, wanda a ka sāke ginawa a 1907, da ƙasa zalla a ka yi shi, ga shi a tsakiyar fadamar ruwa. Abin da ya tsare shi shi ne, ko wace shekara mutanen gari na fitowa kwansu da kwarkwata, mata na jan ruwa, samari na ɗauko laka, magina na bisa itatuwan da ke jikin bango su na shafawa, unguwa na tsere da unguwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa garin cikin jerinta a 1988, amma gayyar ta girmi jerin. Wannan gayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ita ce dai ta noma da ta ɗaukar jinka, ita ce kuma wadda a ke yi wa ganuwa dā.

Fiƙihun da malaman ƙasar nan ke karantarwa ma bai bar wannan babi ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa in mutum biyu su ka haɗa gini, ɗaya na da ƙasa ɗaya na da bene, gyaran ƙasan na wuyan mai shi, in kuwa ya ƙi, a tilasta shi ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Malaman mazhaba sun bi wannan ƙa'ida a kan abin tarayya da ba ya rabuwa. A babin wakafi kuma hukunci sananne ne, cewa abin da wakafi ya samar da gyaransa a ke farawa kafin a raba wa masu cin moriya, don in asali ya lalace moriya ta yanke. Ashe maganin rikicin magada na nan cikin littattafan da ke jingine a zauren da ke yoyon.

To, ga abin da kowane rukuni ke iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Malamai da alkalai, in a ka kira su rabon gado, su tambayi makomar zaure da soro kafin a watse, su shawarci magada su mai da su wakafi a rubuce, da shaidu, da sunan wanda zai kula. Su kuma rubuta tarihin kowane tsohon gida daga bakin dattawan da su ka rage, wa ya gina, zamanin wane sarki, wane magini, a ajiye kofi a fada. Attajiran Yelwa da Wara da sauran kasuwannin bakin tafki, masu kifi da albasa da shinkafa, mutum ɗaya cikinsu na iya tsayar da hayar rumfa guda ta zama ta yaɓen wani zaure har abada, wannan kuwa sadaka ce mai gudana. Su kuma ɗauki nauyin yara biyu ko uku su zauna hannun tsohon magini, a riƙa biyansu kamar yadda a ke biyan mai koyon tuƙi, don ba mai koyon sana'ar da ba ta ciyarwa. Hakimai da dagatai su sa rana ɗaya bayan kaka ta zama ta duba tsofaffin gine-gine, wata ranar kuma kafin ruwan fari ta share indararo da gyara magudana. Duk bangon da a ka ga ya tsage, a fitar da mutane daga ƙarƙashinsa a ranar, kada a jira gobe.

Ita kuwa Hukuma, abin da ya fi dacewa da ita shi ne ta sauƙaƙa wa masu gida. Gidan da ta rubuta, irin na Kafin Madaki, ta bayyana wa iyalinsa a fili cewa yaɓen shekara da kayan gargajiya ba ya cikin abin da a ka hana, ta ba su magini masani, ta hana siminti. Masarautar Yawuri da ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga kuma su na da ikon yin nasu jerin, su nemi a rubuta abin da ya cancanta. Amma kada kowa ya ɗauka shiga jeri shi ne ƙarshen aiki. Gidan Madaki ya yi kusan shekara ɗari a tsaye kafin a rubuta sunansa a 1956, kuma hannun masu yaɓe ne ya kai shi wannan lokaci.

Rani ne lokacin wannan aiki, sa'ad da ƙasa ke bushewa da wuri, hannun manoma kuma ya sami sarari. Duk wanda ke da tsohon soro a gidansu, ko a gidan malaminsa, ya sa tsani ya hau ya duba rufi da indararo tun kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Allah ya ji ƙan waɗanda su ka rasu a Zariya, ya tsare sauran jama'a, amin.